Giwan Ruwa

Giwan ruwa na daga cikin manyan kifayen ruwan daɗi a Afirka. Ana samunsa a kogunan Nilu, Kwara da Binuwai, da tafkunan Chadi da Kainji. Ƙasaitaccensa kan kai kusan mita 2 a tsawo, nauyinsa kuma har kilo 200. Ƙananan kifaye irin su karfasa ne abincinsa.

Sai ya yi kimanin shekara 3 kafin ya fara hayayyafa, kuma a nan rauninsa yake. Tarun da aka yi da gidan sauro kan kwashe 'ya'yansa tun ba su kai ga yin ƙwai ba, gubar da wasu masunta ke zubawa a ruwa kuwa ba ta barin babba balle yaro.

Ga kuma janyewar ruwa. Tafkin Chadi, wanda bandar kifinsa ke zuwa kasuwannin Kano ta Baga, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Maganin da masana ke bayarwa shi ne taru mai manyan idanu, da dakatar da su a lokacin ƙwai.