Jaridar Standard Ta Jos: Ina Masu Karatu, Ina Masu Talla?

Jama'a, duk wanda ya taso a garin nan namu na Jos ya san dogon benen nan da ke kan titin Joseph Gomwalk, inda gidan jaridar Nigeria Standard yake. A shekarar 1972 ne gwamnatin Jihar Binuwai-Filato, ƙarƙashin Gwamna Joseph Gomwalk, ta kafa jaridar, domin ita ma jihar ta samu bakin magana kamar yadda Kaduna take da New Nigerian tun 1966. Ta kuwa yi tashe. Manyan 'yan jarida irin su Dan Agbese, wanda daga baya suka kafa mujallar Newswatch, sun riƙe kujerar edita a nan.

To, ita jarida ƙafa biyu gare ta: kuɗin mai saye da kuɗin mai talla. Kuɗin saye ba ya ko biyan takarda da tawada da albashi, sai talla ta cike giɓin. Shi kuma mai talla ba ya zuba kuɗinsa sai inda ya ga idanu da yawa. Kenan in masu karatu suka janye, talla ma sai ta bi su.

Abubuwa uku ne suka taru suka danne ta. Na farko, an yi ta yanka jihar: aka fitar da Binuwai a 1976, aka fitar da Nasarawa a 1996, ma'aikatu da makarantun da ke saye da ba da sanarwa suka koma wasu wurare. Na biyu, shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, takardar ɗab'i da ake shigowa da ita ta yi tsada, kamfanin takarda na Oku Iboku da aka sa wa rai shi ma ya tsaya a shekarun 1990. Na uku, rikicin 2001 da gobarar babbar Kasuwar Terminus a 2002 sun karya jarin 'yan kasuwa da yawa, cikinsu har da iyayenmu da yayyenmu. Wanda shagonsa ya ƙone, da me zai biya talla?

Bugu da ƙari, jaridar gwamnati ko'ina take, mai karatu yakan ɗauke ta a matsayin kakakin mai mulki, sai ya nemi labari a wani wurin. Ga shi wayar hannu ta zo, labari kyauta, talla kuma ta koma Facebook. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a Zariya a 1939, wadda kakanninmu suka koyi karatun boko da ita, ta daina fitowa.

Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu nawa ne muke tsayawa gaban mai sayar da jarida a titin Ahmadu Bello, mu karance ta tsaf, mu yi ta gardama, sannan mu ajiye masa mu wuce? Mu nawa ne cikin masu shaguna da motocin haya suka taɓa kai talla? Jaridar gari ita ce ke adana rasuwa da naɗin sarauta da ƙarar da aka yanke, kuma nan jikokinmu za su je neman labarinmu. Wanda bai saya ba, bai yi talla ba, bai aika wasiƙa ba, kada ya yi mamaki in an duba ba a ga sunan unguwarsu ba.

Allah Ya sa mu gyara.