Yadda ake amfani da igiyar tsaro a aikin nutso cikin ruwa mai ƙarfin gudu

Madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka gina a kan kogin Gongola a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, ita ce ke shayar da birnin Gombe, kuma tana da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. A wuri irin wannan buƙatar masu nutso ba ta yankewa. Akwai duba bututun ɗibar ruwa, da cire tarkacen da ya toshe mashiga, da neman waɗanda ruwa ya ci idan kwale-kwale ya kife. Aikin ya fi haɗari daga watan Agusta zuwa Satumba, lokacin da kogi ya cika, ruwa ya yi laka, gudunsa kuma ya ƙaru. A irin wannan yanayi igiya ce ke riƙe da ran mai nutso, amma kuma ita ce ke iya halaka shi idan aka ɗaura ta ba daidai ba.

Dalilin tsayawa kafin a fito

Mai nutso na gargajiya, wanda ke riƙe numfashinsa kamar yadda masunta ke yi, yakan shiga ya fito cikin ɗan lokaci. Wanda ya goya tukunyar iska kuwa yana shaƙar iska ne a ƙarƙashin matsin ruwa, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi: a mita 10 ya ninka na bakin gaɓa sau biyu, a mita 20 sau uku. Wannan matsi yakan sa iskar naitirojin ta narke cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da sauri, sai ta zama kumfa a jikinsa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan aka buɗe murfinsa farat ɗaya. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon gaɓoɓi, jiri, shanyewar jiki, wani lokaci ma mutuwa.

Masanin Birtaniya John Scott Haldane ne ya fitar da jadawalin tasowa mataki-mataki a shekarar 1908, kuma a kansa aka gina ƙa'idojin da ake bi a yau. Ana so mai nutso ya taso a hankali, kimanin mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, sannan ya tsaya na minti uku a zurfin mita biyar. Wanda ya yi zurfi sosai ko ya daɗe a ƙasa, tsayawarsa takan fi haka yawa da tsawo. Haka kuma bai halatta ya riƙe numfashi yana tasowa ba, domin iskar da ke cikin huhunsa tana kumbura yayin da matsi ke raguwa.

Labarin Harrison Okene ya isa misali. A watan Mayun 2013 jirgin ruwan da yake aikin girki a cikinsa ya nutse a tekun Najeriya, ya rayu kusan kwana uku a zurfin kimanin mita 30 cikin wani lungu da iska ta maƙale. Da aka gano shi ba a fito da shi kai-tsaye ba. Sai da ya shafe fiye da kwana biyu a ɗakin rage matsi kafin ya ga rana.

Abin da gudun ruwa ke yi

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma idan gudunsa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake ingiza mutum da shi yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa dokar kare ma'aikata ta Amurka ta hana nutso da tukunyar iska a ruwan da gudunsa ya wuce kimanin rabin mita a daƙiƙa ɗaya, sai fa idan akwai mai riƙe da igiyar mai nutson daga sama. Tsayawa minti uku a wuri guda cikin irin wannan ruwa da ƙarfin hannu kaɗai yana cinye iska, yana gajiyar da jiki, kuma idan hannu ya kuɓuce, ruwa ya tafi da mutum ke nan.

Igiyoyi uku da aikin kowacce

Ta farko ita ce igiyar sauka, mai kauri, wadda ke da nauyi ko anga a ƙasa, a sama kuma tana ɗaure da jirgi ko abin da ke yawo a kan ruwa. Ta biyu ita ce igiyar rai, wadda ke haɗa mai nutso da mai riƙonta a jirgi ko a gaɓa. Da ita ake magana ta hanyar fizga. A tsarin sojin ruwan Amurka, fizga ɗaya daga mai nutso na nufin lafiya lau, huɗu kuma na nufin a jawo shi sama. Tsare-tsaren sun bambanta, don haka wajibi ne a daidaita a kan alamu kafin a shiga ruwa.

Ta uku ita ce gajeriyar igiyar tsayawa, mai tsawon mita ɗaya zuwa biyu. Ana maƙala bakinta ɗaya a jikin igiyar sauka daidai zurfin da za a tsaya, ɗayan kuma a zoben ɗamarar ƙirjin mai nutso. Da ita hannayensa ke samun hutu, kuma tana rage fizgar da jirgi ke yi wa igiyar sauka idan ruwa na kaɗawa.

Ƙa'idojin da ba a sassautawa

Ba a ɗaura igiya a ƙugu ko wuya ko wuyan hannu da ƙulli. Ruwa mai ƙarfi yana iya danne wanda aka ɗaure zuwa ƙasa, kuma ƙullin da ya jiƙe, ga nauyi a kansa, ba ya kwantuwa. Sai dai a yi amfani da maƙalli da ake iya saki da hannu ɗaya ko da igiyar ta miƙe, a kuma gwada sakinsa a tudu, da safar hannu, ido a rufe.

Mai nutso ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, jikinsa a miƙe a kwance. Juya kai gefe na iya sa ruwa ya cire masa tabarau. Ya daidaita iskar rigarsa ta yadda ba ya nitsewa ba ya tasowa, domin wanda ya cika rigarsa da iska, da zarar igiya ta saki, sama zai yi da gudu. Idonsa ya kasance a kan ma'aunin zurfi, saboda gudun ruwa na iya karkatar da igiyar sauka ya canja zurfin da yake.

Ya riƙe abin yanka guda biyu a wurare daban-daban da kowane hannu zai iya kaiwa. Tsofaffin taru da ƙugiyoyin masunta da rassan itatuwan da ruwa ya binne sukan harɗe igiya. Mai riƙon igiyar rai kada ya bari ta yi sako-sako, kada kuma ya ɗaure ta a jikinsa ko ya haɗa wannan aiki da wani. Tilas a sami mai nutso na biyu cikin shiri a sama, a kuma kashe injin jirgi muddin akwai mutum a ruwa.

Haɗarin bakin madatsa

A kusa da ƙofofin madatsa da bututun ɗibar ruwa, bambancin matsi tsakanin ɓangarori biyu yana haifar da zuƙa mai ƙarfin da zai manne mutum a bakin rami, kuma ido ba ya ganinta. Igiya ba ta isa ta ciro wanda ta kama ba. Saboda haka ba a shiga sai masu kula da madatsar sun rufe ƙofofi da injina, sun kulle, sun tabbatar, sannan a taƙaita tsawon igiyar rai ta yadda mai nutso ba zai kai wurin ba.

Idan matsala ta auku

Alamun ciwon matsi kan bayyana cikin mintuna ko sa'o'i bayan fitowa. A kwantar da mutum, a ba shi iskar oksijin zalla, a garzaya da shi asibiti tare da bayanin zurfin da ya kai da tsawon lokacin da ya yi. Kada a mayar da shi cikin ruwa da sunan magani. Cikakken maganinsa ɗakin rage matsi ne, don haka shugaban aiki ya san inda mafi kusa yake tun kafin a fara. Wanda ya yi nutso sau ɗaya ya jira aƙalla sa'o'i 12 kafin ya hau jirgin sama, wanda ya maimaita kuma sa'o'i 18.

Ƙa'idojin nan ba sa maye gurbin horo a hannun ƙwararre. Idan gudun ruwa ya fi ƙarfin kayan aiki da mutanen da ake da su, abin da ya dace shi ne a ɗage aikin har ruwa ya lafa.