Kujerar mota mai aiki da wuta: yadda za ku gwada injinta a gida

Da yawa daga cikin motocin da ƴan uwa ke aikowa daga Turai, ta tashar jirgin ruwa ta Lome, kujerunsu da wuta suke tafiya. A Gaweye da sauran unguwannin Yamai, ƙura da rairayi kan sa irin wannan kujera ta cije. In ta tsaya nesa, ƙafar direba ba za ta kai birki yadda ya kamata ba, kuma wannan magana ce ta rai.

A ƙarƙashin kujerar akwai ƙananan injuna masu aiki da bolt 12: na gaba da baya, na sama da ƙasa, da na kwantar da jingina. Kafin ku je garaji, ga abin da za ku duba.

Da farko batir. Mai lafiya yakan nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe. Sai fizibil ɗin kujera, galibi mai amfa 20 zuwa 30. In ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da shi, kada a ɗaura waya a gurbinsa, don tana iya ta da gobara.

Sannan ku danna maɓallin, ku kasa kunne. In inji na ƙugi amma kujera ba ta motsi, wataƙila rairayi ko kwabo ne ya toshe layin ƙarfen da take bi. A share, a shafa giris. In kun ji shiru, laifin na maɓalli ne, ko waya, ko injin kansa.

Don a tantance, a cire kan batir mai alamar (−), a jira minti 10. A zare soket ɗin injin, a ba ƙafafunsa biyu masu kauri wuta daga batir, ta waya mai fizibil, na daƙiƙa biyu kacal. Sai a sauya wayoyin, domin ya juya ɗaya ɓangaren. In ya tafi gaba da baya, lafiyarsa lau, a nemi matsalar a maɓalli ko waya. In bai motsa ba, injin ne.

Hattara jama'a: soket mai ruwan ɗorawa na jakar iskar kariya ne, kada a taɓa shi, kada a ba siraran wayoyi wuta. A janye yatsu da yara daga ƙarƙashin kujera. In kun ji ƙaurin waya, ku tsaya nan, ku kai wa mai gyaran wutar mota.