Ranar da Linus Ya Nemi Afuwa

Tun 1991 da Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fara manhajar Linux, bakinsa ba shi da linzami. Ka kawo masa aiki mai kuskure, ya yi maka wankin babban bargo gaban kowa. Na daɗe ina kiran wannan faɗin gaskiya. Yau na sauya ra'ayi. A 2015 an rubuta wa masu aikin Linux 'yar gajeriyar ƙa'idar sasanta rikici, amma ba ta hana wasu gwanaye tattara nasu ya nasu ba.

Sai Satumbar 2018 ya nemi afuwa, ya tafi hutu, ya bar wa abokin aikinsa Greg Kroah-Hartman ragama. Da aka shigo da sabuwar dokar ladabi a madadin waccan ƙa'ida, wasu suka ce an ɗinke musu baki. A Oktoba ya dawo bakin aiki.