Tarihin Gidajen Barin Shaye-shaye na 'Yan Latino a Amurka

Gidajen barin shaye-shaye na 'yan Latino gidaje ne da masu yaƙi da jarabar giya ko ƙwaya suke zama tare, suna gudanar da harkokinsu da Sifaniyanci bisa al'adar da suka taso a ciki. Tushensu biyu ne. Na farko na 'yan Latino ne da kansu. A 1968 aka kafa Hogar CREA a Puerto Rico, inda tubabbun mashaya ke riƙe sababbi. A 1975 wata ƙungiyar mashaya masu neman tuba a Birnin Meziko ta buɗe ƙofarta dare da rana, ta tanadi makwanci ga wanda sha ya raba da gida. Irin waɗannan ɗakuna, da ake kira anexo, sun bi 'yan ci-rani har Kalifoniya. Tushe na biyu shi ne Oxford House, wanda Paul Molloy da abokansa suka fara a Maryland a 1975. Mazauna ne ke biyan haya, su zaɓi shugabanninsu, su kaɗa ƙuri'a kan mai neman shiga, wanda ya koma sha kuwa ya tattara kayansa.

Wata dokar Amurka ta 1988 ta taimaka wa tsarin Oxford ya bazu, amma 'yan Latino ba su shige shi da yawa ba. Dalilin a fili yake: maganin waɗannan gidaje magana ce da amana, kuma mutum ba ya amayar da abin da ke cikinsa da harshen da yake lalube. Wata cibiya mai suna Casa Esperanza ta gane haka tun 1984 a Boston, ta yi aiki da harsuna biyu. Daga baya masu bincike na Jami'ar DePaul, ƙarƙashin Leonard Jason, suka gwada gidajen Oxford na 'yan Latino zalla a jihar Illinois, inda ake girmama dangi da zumunci.

Wasu na cewa keɓe wa 'yan Latino gidajensu wariya ce da ke hana baƙo sajewa da jama'a. Sai dai wanda ya daina sha, ya riƙe aiki, shi ke da ƙarfin shiga jama'a. Suka mafi nauyi ita ce ta duka da kulle mutane da aka samu a wasu anexo na Meziko. Wannan gaskiya ce, kuma tana nuna cewa al'ada kaɗai ba ta kare mai rauni. Gidan da ya dace shi ne wanda ya haɗa harshen mazauna da ƙuri'arsu da 'yancinsu na fita.