Kogunan Sichuan da Madatsun da Girgizar Ƙasa Ta Gina: 1786 zuwa 2008

Lardin Sichuan yana kudu maso yammacin ƙasar Sin, a daidai inda tsaunukan Tibet suke gangarowa su haɗu da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma. Koguna irin su Dadu da Min suna ratsa waɗannan tsaunuka ta cikin kwazazzabai masu zurfi da ƙunci, kafin su zuba a babban kogin Yangtze. Wannan yanki kuwa ya sha fama da girgizar ƙasa tun zamanin da. Abin da tarihinsa ya nuna shi ne, sau da yawa haɗarin ba ya ƙarewa ranar da ƙasa ta daina motsi.

Yadda abin yake faruwa shi ne, girgiza takan zaftare gefen tsauni, duwatsu da ƙasa su rikito su toshe kwazazzabo. Nan take sai kogi ya sami madatsa wadda ba ta da ginshiƙi, ba ta da mafitar ruwa. Ruwa ya yi ta taruwa a bayanta har ya zama tafki. Ranar da ya kai baki ya fara tsallakewa, sai ya riƙa cin ƙasar da ke sama, ɓarakar ta yi ta faɗaɗa, cikin 'yan sa'o'i tafkin duka ya kwararo. Mutanen da ke ƙasa da wurin, alamar da sukan gani ita ce kogi ya janye ba lokacin janyewarsa ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

A ranar 1 ga Yuni, 1786, zamanin Sarki Qianlong, wata girgiza mai ƙarfi ta auku a yankin Kangding da Luding. Waɗanda ta kashe kai tsaye 'yan ɗaruruwa ne, domin wurin ba shi da yawan jama'a. Amma tsauni ya zaftare ya datse kogin Dadu. Bayan kamar kwana goma madatsar ta fashe, ruwa ya bi ta birnin Leshan, ya shiga Min, ya zarce Yangtze, yana kwashe garuruwa da gonaki. An ƙiyasta mutanen da suka halaka sun kai 100,000, akasarinsu mazauna nesa ne ƙwarai da inda tsaunin ya faɗi. Kwana goma ba ƙaramin lokaci ba ne, sai dai a wancan zamani labari ba ya wuce saurin doki, kuma babu wani tsari na kwashe jama'a.

Haka aka sake yi a 1933. Ranar 25 ga Agusta girgiza ta rushe garin Diexi, ƙasa ta toshe kogin Min, tafkuna suka taru. Wannan karo madatsar ta yi kwana 45 tana tsaye, sai ranar 9 ga Oktoba ta ɓalle, ambaliyar ta hallaka kimanin mutum 2,500. A lokacin ƙasar Sin tana cikin rikici, shugabannin soja na lardin suna yaƙar juna, saboda haka wata ɗaya da rabi ya wuce ba a yi aikin da zai rage ruwan ba. Ragowar tafkunan Diexi suna nan har yau.

Daga baya masana suka tattara labarin irin waɗannan madatsu daga sassan duniya. Wasu Amurkawa biyu, Costa da Schuster, sun nuna a 1988 cewa cikin waɗanda suka fashe, kusan rabi ba su wuce kwana goma ba. Watau lokacin da hukuma take da shi ƙanƙane ne.

An ga amfanin wannan ilmi a 2008. Girgizar Wenchuan ta ranar 12 ga Mayu ta kashe mutum kusan 70,000, ta kuma bar tafkuna da dama a kwazazzabai. Mafi haɗari shi ne na Tangjiashan, a sama da garin Beichuan, wanda ya tara ruwa fiye da mita miliyan 200 na cubic, ga kuma birnin Mianyang a ƙasa. Hanyoyi duk sun yanke. Sai aka ɗauki manyan motocin haƙa ƙasa da jirgin sama mai saukar ungulu aka dire su bisa madatsar, sojoji kuma suka hau tsauni da ƙafa ɗauke da nakiya. Dare da rana aka yi ana haƙa magudana, domin ruwa ya sami hanya tun bai kai ƙololuwa ba. A lokaci guda aka kwashe mutum wajen 250,000 zuwa tuddai. Ruwa ya fara bin magudanar ranar 7 ga Yuni, ranar 10 ga wata ya kwararo da ƙarfi ya ratsa kangon Beichuan, ya wuce ta wuraren da aka riga aka fitar da jama'a.

Idan aka jera waɗannan shekaru uku, za a ga tsaunukan ba su sake ba, kogunan ma haka. Bambancin yana ga abin da aka yi a kwanakin da ke tsakanin toshewar kogi da ɓallewarsa: wane ne ya je ya auna ruwan, yaushe rahotonsa ya isa ga mai iko, yaushe kuma aka yanke shawarar tada mutane daga gidajensu. Tada mutum dubu ɗari biyu da hamsin saboda ambaliyar da ba ta zo ba tukuna shawara ce mai nauyi ga kowane jami'i, amma lissafin 1786 ya nuna abin da jinkirinta yake ci.