Daga Kademi zuwa Dutsen Dala: Ina Gidan Tsumburbura Yake?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Abin da ya jawo maganar yau shi ne wani ƙanena a nan Kademi. Rannan na same shi yana kallon bidiyon wata mata da ta je ziyarar Vaishno Devi, wurin bautar wata allahiya ta mabiya Hindu a tsaunukan Trikuta, yankin Jammu na ƙasar Indiya. Yaron nan, saboda finafinan Indiya, har bayani yake min. Wai daga garin Katra ake tashi, a taka wajen kilomita 12 a ƙafa ana hawa, wasu a kan doki, a ƙarshe a shiga wani kogo. Kuma gaskiyarsa ne. Abin da ke cikin kogon ma ba sassaƙaƙƙen gunki ba ne, wasu duwatsu uku ne, amma a 2023 kaɗai mutum sama da miliyan 9 suka je.

Sai na ce masa, to Tsumburbura fa? Ya ce ya taɓa jin sunan, wai wata aljana ce a kan Dala. Shi ke nan iliminsa. Ni ma da na laluba nawa, ashe bai fi nasa da yawa ba, ga ni da digiri. Wannan kunyar ce ta sa na hau mota daga Gaya, na bi ta Wudil, na shiga birni na hau adaidaita zuwa gindin Dala.

Ku sani, mu mutanen ƙasar Gaya ba baƙi ba ne a labarin nan. Ruwayar baka da ta shahara ta ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a wajen Dala, ya zauna, garin ya ci sunansa. Har yau akwai Abagayawa a birni da ake danganta su da wannan asali. Ruwaya ce, ba zan rantse a kanta ba. Amma masu haƙar kayan tarihi sun gano wurin narka ƙarfe a Dala da ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan batun ƙira dai yana da tushe.

Hawan ba wani wuya, akwai matakala, kodayake sai da na tsaya sau biyu ina haki, yara suna wuce ni a guje suna dariya. A sama ka ga Kano a shimfiɗe, ga Goron Dutse can, ga gidaje sun matso har jikin dutsen. Na yi ta waige-waige ina neman inda gidan Tsumburbura yake. Babu. Ko alama.

Da na dawo na koma kan littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, Baturen nan Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. A nan na gane kuskurena. A yadda littafin ya kawo, Barbushe ne ke zaune a kan Dala. Shi babban bokan mutanen wurin ne, daga zuriyar mutumin da dutsen ya ci sunansa, ƙaƙƙarfan maharbi da aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Ita kuwa Tsumburbura, wurinta wata bishiya ce da ake kira Shamuz, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai shi. Sau biyu a shekara yake saukowa. Mutane su taru a gindin dutsen da yamma daga ko'ina, wani da baƙin kare, wani baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. In dare ya yi ya fito da makaɗansa, ya ja su zuwa wurin bishiyar, a yi yanka, ya shiga shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. Wato ni na hau sama neman abin da shi kansa Barbushe sai ya sauko yake zuwa gare shi.

Wani abu da ya ba ni sha'awa: marubucin ya ce ranakun nan biyu ranakun Idi ne, har da ambaton jajibere. Mutanen da ba su san Musulunci ba, ina su ina Idi? Wannan ya nuna maka malami Musulmi ne ke ba da labarin, da kalandarsa yake auna lokacinsu. Saboda haka a karanta da lura. Muryar masu bautar ba ta iso gare mu ba, ta waɗanda suka gaje su ce ta iso.

Kuma abin bai ƙare a dare ɗaya ba, kamar yadda muke zato. Bagauda ya zo a 999, amma wurin bautar ya ci gaba da aiki kusan shekara 300 bayansa, sarakuna na lallashi wani lokaci, wani lokaci faɗa. Sai zamanin Sarki Tsamiya, 1307 zuwa 1343, aka far wa wurin da yaƙi. Zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci, aka kafa salla. Zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya zo, littafin ya ce aka sare bishiyar tsafi aka gina hasumiya a gurbinta. Duk da haka sai da aka sake samun Dirki, Alƙur'ani da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har zamanin Alwali, dab da jihadi.

Na san abin da wasunku za su rubuto min: me ya kai ka tonon shirka? Wallahi ban je neman tabarraki ba, kuma alhamdulillahi da Musulunci. Amma duk abin da na karanto muku, malamai ne suka zauna suka rubuta shi da Larabci, ba su ga imaninsu ya ragu ba. Mu ne muka zo muna jin kunyarsa, har ta kai yaro ɗan Kademi ya san Katra bai san Shamuz ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne halin da na tarar da dutsen. Leda ko'ina, wari a wasu lungunan, ruwan sama na zaizaye gefensa. Can Indiya tun 1986 suka kafa hukuma ta musamman mai kula da hanyar dutsen nasu. Su ibada ce ta sa su, mu ba ita muke nema ba. Amma wurin da aka narka ƙarfe shekara sama da 1,300 da suka wuce, ai ya wuce a mai da shi juji.

Ni dai ga abin da na ɗauka. Mako mai zuwa zan zaga maƙeran da ke ƙasar Gaya da wayata, in zauna da dattawansu in ɗauki abin da suka ji daga iyayensu kan tafiyar Kano zuwa Dala. Ƙanen nawa ya ce zai raka ni, da sharaɗin ni zan biya kuɗin mota. Wanda ya san tsohon maƙeri a wajen Ajingi, ya yi min magana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.